Farfesa Dike Da Bashin Da Ke Kan Arewa

Duk wanda ya taɓa shiga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ya nemi a fito masa da rahoton wani Razdan na Kano, ko wasiƙar da wani sarki ya aika wa Gwamna da Larabci, aka kuwa fito masa da ita ya zauna ya karanta, to, ya ci albarkacin wani mutumin Awka wanda 'yan makarantar Arewa kaɗan ne suka san ko da sunansa. Sunansa Farfesa Kenneth Onwuka Dike. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe shugabancin Jami'ar Ibadan, shi ne kuma ya sa harsashin adana takardun gwamnati a ƙasar nan. Ya rasu a Inugu ran 26 ga watan Oktoba, 1983. Abin da ya sa ya cancanta a tono labarinsa yanzu shi ne wata cuta da ta kama jami'o'in Nijeriya, Kudu da Arewa, watau cutar nan ta cewa ba mai shugabantar jami'a sai ɗan garin da aka gina ta. Rayuwar Dike amsa ce ga masu wannan ra'ayi, Arewa kuwa ita ce ta fi kowa ƙarfin shaida a kan haka.

An haife shi a Awka ran 17 ga watan Disamba, 1917. Ya tashi maraya, don iyayensa duka biyu sun rasu tun yana ƙarami, dangi suka riƙe shi. Ya yi sakandare a makarantar mishan ta Dennis da ke Anacha, daga nan ya wuce Kwalejin Achimota a Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, sa'an nan Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, inda ya sami digirinsa na farko. Ya ƙetare teku ya yi digiri na biyu a Aberdeen, ya ƙare da digirin dakta a fannin tarihi a Jami'ar London cikin 1950. A wannan shekara ya komo gida ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda shekararta biyu kacal da buɗewa.

Abin da ya tarar ana koyarwa da sunan tarihi abin takaici ne. Kwalejin tana ƙarƙashin Jami'ar London, sai abin da can suka yarda da shi ake karantarwa, daga can kuma ake ba da digiri. Ɗalibi ɗan Nijeriya sai ya haddace sarakunan Ingila da yaƙe-yaƙen Turai, in kuwa aka zo kan ƙasarsa sai a ba shi labarin Mungo Park da Clapperton da Lander da Lugga, kamar dai ƙasar kango ce kafin su iso. Hujjar masu wannan tsari ita ce wai tarihi sai da rubutu, baƙar fata kuwa wai ba shi da rubutu. Ba kuma ra'ayin ƙananan malamai ba ne kaɗai. Har cikin 1963, bayan Nijeriya ta shekara uku da samun mulkin kai, wani babban shehun malamin tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya tsaya gaban jama'a ya ce Afirka ba ta da wani tarihin da ya isa a koyar, in ban da na Turawan da suka shige ta.

Dike bai ɓata lokacinsa wajen cacar baki ba. Cikin 1956 aka buga littafinsa mai suna Trade and Politics in the Niger Delta, wanda ya yi magana a kan ciniki da siyasa a bakin Kogin Kwara daga 1830 zuwa 1885. A ciki ya nuna cewa garuruwan bakin teku irin su Bonny da Brass da Kalaba dauloli ne masu sarakuna da dokoki da dabarun kasuwanci, su ne ke tsaye tsakanin Turawan jiragen ruwa da kasuwannin manja na cikin ƙasa, suna karɓar kuɗin fito, suna yanka farashi. Ya bi diddigin yadda cinikin bayi ya rikiɗe ya koma cinikin manja, da yadda ƙaramin jakadan Ingila John Beecroft ya tuɓe Sarkin Bonny, William Dappa Pepple, cikin 1854, da yadda Jaja, wanda aka sayo shi bawa, ya ƙasaita har ya fita daga Bonny cikin 1869 ya kafa garin Opobo, ciniki ya bi shi can. Ya karanta takardun gwamnatin Ingila, amma bai tsaya nan ba, ya je garuruwan da kansa ya saurari abin da dattawa suka riƙe a ka, ya auna wannan da wancan. A wancan zamani, ɗaukar maganar tsoho wanda bai yi boko ba a matsayin hujjar ilmi ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Kada mai karatu na Arewa ya ɗauka wannan labarin wasu ne can nesa. Kamfanin da George Goldie ya harhaɗa cikin 1879 don ya mallake cinikin Kogin Kwara, shi ne ya sami izinin mulki daga Sarauniyar Ingila cikin 1886, ya kafa sansani a Lakwaja, ya ci Bidda da Ilori cikin 1897. Daga hannun wannan kamfani Lugga ya karɓi ragama a farkon 1900, bayan shekara uku Kano da Sakkwato suka faɗi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda bai fahimci yadda aka karya sarakunan manja ba, ba zai gane ta inda igiyar ta biyo har ta iso wuyan sarakunan Arewa ba.

Aikinsa na biyu shi ne wanda aka fara wannan magana da shi. Cikin 1951 gwamnati ta ɗora masa nauyin zagaya ofisoshi ya duba halin da tsofaffin takardu ke ciki. Ya tarar da su jibge a ɗakunan ajiya, gara da danshi suna ta aikinsu, ba mai lissafinsu balle mai tsaronsu. Rahoton da ya rubuta shi ne ya sa aka buɗe ofishin adana takardu cikin 1954, shi aka fara ba riƙonsa, cikin 1957 kuma aka kafa dokar da ta tsaya masa. Aka gina babban gidansa a harabar Jami'ar Ibadan, aka yi masa rassa a Inugu da Kaduna. A reshen Kaduna ne aka tara takardun sakatariyar Jihar Arewa, da fayilolin larduna, da rahotannin haraji na gundumomi, da littattafan Larabci na rubutun hannu masu yawa. Ba 'yan jami'a kaɗai ke amfana da su ba. Rigimar iyakar gunduma, ko gardamar gidan da ke da haƙƙin sarauta, sau da yawa a cikin waɗannan fayiloli ake samo bakin zarenta.

Cikin 1955 shi da abokan aikinsa suka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, ya zama shugabanta na farko, mujallarta ta fara fitowa cikin 1956, shekarar da aka naɗa shi farfesa kuma shugaban sashen tarihi. Daga 1959 zuwa 1960 ya zauna cikin kwamitin Ashby, wanda aka ɗora wa nauyin tsara ilmi mai zurfi don Nijeriya mai mulkin kanta. 'Yan Nijeriya uku ne cikin kwamitin: Dike, da Dakta Sanya Onabamiro, da Shettima Kashim Ibrahim. Cikin shawarwarin da suka bayar har da kafa jami'a a Arewa mai cibiya a Zariya, aka kuwa buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin Oktoba 1962. Yau babban ɗakin karatu na Ibadan yana ɗauke da sunan Dike, na Zariya yana ɗauke da sunan Kashim Ibrahim, ɗalibai suna shiga suna fita ba tare da sanin cewa mutanen biyu sun taɓa zama teburi ɗaya suna tsara musu makoma ba.

Cikin 1960 aka naɗa shi shugaban Kwalejin Ibadan, bayan Turawa uku da suka gabace shi. A hannunsa ne kwalejin ta yanke cibiya daga London cikin 1962, ta zama cikakkiyar jami'a mai ba da digirinta. To, a nan maganar take. Mutum ya sami iko, kuɗi da muƙamai suna hannunsa, me ya yi da su? Dike Ibo ne, Kirista ne ɗan cocin Angalika, ba ya da dangi a Sakkwato ko Kukawa, ba ya kuma neman ƙuri'ar kowa a can. Amma a farkon shugabancinsa ne aka buɗe sashen Larabci da Addinin Musulunci a Ibadan. Cikin 1962 ya kafa Cibiyar Nazarin Afirka, a ƙarƙashinta kuma cikin 1964 aka buɗe wani ofishi na musamman, a hannun John Hunwick, wanda aikinsa shi ne neman littattafan Larabci na rubutun hannu a gidajen malamai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Daga shawararsa ne kuma aka sami Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda Ibadan da Zariya suka haɗa hannu a kai, har ya zauna da gindinsa a Jami'ar Ahmadu Bello.

Wanda ya ja ragamar wannan shiri shi ne H.F.C. Smith, Baturen da ya koyar a sashen Dike a Ibadan tun 1955. A mujallar ƙungiyarsu ne Smith ya buga maƙalarsa ta 1961, inda ya ja hankalin masana cewa jihadin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma babban al'amari ne da aka yi watsi da shi. Cikin 1962 ya koma Zariya ya kafa sashen tarihi, daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna cikin 1970. Ɗalibinsa Murray Last ya je Sakkwato ya durƙusa gaban Waziri Junaidu yana karanta takardun gidan waziri, ya sami digirin dakta a Ibadan cikin 1964. Littafinsa ya fito cikin 1967 a jerin littattafan tarihi na Ibadan, wanda Dike ne babban editansa, ya kuwa taimaka ƙwarai wajen kawar da sunan da Turawa suka laƙaba wa daular Shehu, watau daular Fulani, ya nuna cewa daula ce ta malamai mai tsarin Musulunci. R.A. Adeleye, Bayarabe, ya biyo baya cikin 1971 da littafi a kan mulki da hulɗar jakadanci a Arewa daga 1804 zuwa 1906.

A nan akwai abin da ya wajaba a faɗa don kada yabo ya zarce iyaka. Dike bai ba Arewa tarihi ba, tana da abinta tun da daɗewa. Limam Ahmad ɗan Furtu ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma na Borno tun ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar Infaƙul Maisuri, Malam Abdullahi na Gwandu ya bar Tazyinul Waraƙati, Nana Asma'u ta bar waƙoƙinta da Larabci da Fulatanci da Hausa, Kano kuma tana da littafin tarihin sarakunanta. Malaman zaure ne suka tsare waɗannan cikin gafaka, suna kwafa da hannu, ɗa ya gada daga uba. Abin da Dike ya yi shi ne ya gane cewa mafi ƙarfin hujjar da za a rufe bakin masu cewa Afirka ba ta da rubutu tana cikin waɗannan gafakai, ya buɗe musu ƙofar jami'a, ya sa aka dube su da idon girmamawa. Shugaban da ke auna kome da ma'aunin garinsu ba zai hango wannan ba, ko ya hango ba zai kashe masa sisin kwabo ba.

Haka kuma ba a ce tafarkin tarihi na Ibadan ba shi da aibu ba. Malaman Zariya da suka tashi daga baya, irin su Dakta Yusufu Bala Usman, sun soki tsohon salon da cewa ya cika kallon sarakuna da attajirai da manyan malamai, ya bar manomi da maƙeri da bawan gandu a bayan fage. Sukar tana da gaskiya. Sai dai masu sukar da takardun Kaduna da littattafan da Shirin Binciken Tarihin Arewa ya tara suka yi aiki, watau da fatanyar da aka gada aka nome gonar.

Sa'an nan ga babin da ba shi da daɗin ji. Siyasar ƙabilanci ta shiga jami'o'i tun Jamhuriya ta Farko. Cikin 1965 majalisar gudanar da Jami'ar Ikko ta ƙi sabunta wa'adin Farfesa Eni Njoku, Ibo, ta naɗa Dakta Saburi Biobaku, Bayarabe. Dukansu biyu malamai ne na ƙwarai, amma 'yan siyasa suka mayar da abin gasar ƙabila, ɗalibai suka yi bore, aka rufe jami'ar, har wani ɗalibi ya daɓa wa Biobaku wuƙa. A Ibadan ma an yi ta zargin Dike da cewa yana fifita 'yan ƙabilarsa wajen ɗaukar ma'aikata. Da 1966 ta zo da masifunta, kisan Firayim Minista da Sardauna da manyan hafsoshi a Janairu, juyin mulkin Yuli, da kashe-kashen mutanen Gabas a garuruwan Arewa, sai Dike ya bar Ibadan ya koma gida. Da aka yi shelar Biyafara cikin Mayu 1967 ya bi ta, ya zama ɗaya daga cikin jakadunta masu yawo ƙasashen waje suna neman mata goyon baya.

Ba za a ɓoye wannan ba, ba kuma za a shafa masa zuma ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tara takardun Nijeriya wuri ɗaya, ya koma yana roƙon duniya ta yarda a raba ta. Kuskure ne babba, ko da yake wanda ya ga 'yan'uwansa suna kwararowa gida da raunuka da gawawwaki, ba a yi masa hukunci irin na wanda ke kwance a inuwa. Amma ƙasar nan ta riga ta yanke shawara a kan irin wannan tun 1970, sa'ad da Janar Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Dakta Azikiwe ma ya yi wa Biyafara jakadanci na ɗan lokaci, ya komo ya nemi shugabancin ƙasa cikin 1979, abokin takararsa kuwa Farfesa Ishaya Audu ne, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello. Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu kansa cikin 1982. In an yafe wa mai bindiga, ba dalilin da zai sa a ci gaba da riƙe mai alƙalami.

Bayan yaƙi Dike ya tafi Amurka ya koyar da tarihin Afirka a Jami'ar Harvard cikin shekarun 1970. Da gwamnatin Jim Nwobodo ta kafa Jami'ar Fasaha ta Jihar Anambra cikin 1980, aka kira shi ya zama shugabanta na farko, yana kan wannan aiki ajali ya same shi. Daga wannan jami'a ne aka fitar da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Inugu, bayan an raba jihar cikin 1991.

Ƙasar ta taɓa gwada maganin cutar da ta kore shi daga Ibadan. A ƙarshen shekarun 1970 an tura Farfesa Umaru Shehu, mutumin Borno, ya shugabanci Jami'ar Nsukka. An tura Farfesa Adamu Baikie daga Zariya zuwa Jami'ar Benin, inda ya yi daga 1978 zuwa 1985. Farfesa Akinkugbe ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Ezeilo ya riƙe Jami'ar Bayero ta Kano. Ba duka ne suka ji daɗin zaman ba, wasu ma ba su daɗe ba, amma manufar daidai ce, watau a nuna wa ɗalibi cewa jami'ar tarayya ta tarayya ce. An bar wannan hanya, ga kuwa inda aka kwana. Cikin Maris 2022 wasu mutanen Ife suka tare ƙofofin Jami'ar Obafemi Awolowo suna zanga-zanga, don an naɗa shugaban da ba ɗan Ife ba, alhali kuwa Bayarabe ne ɗan jihar Osun. Da, ana faɗa a kan ƙabila, yanzu an gangaro kan gari. Arewa kuma kada ta yi dariya, domin a nan ma da zarar kujera ta faɗi sai a fara tambayar jiha da masarauta da addini kafin a tambayi littattafan da mutum ya rubuta.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa mutanen gari su suka ba da filinsu aka gina jami'a, ɗan gari kuma shi ya fi sanin halin wurin. Maganar fili gaskiya ce, hakkin mai fili kuwa shi ne diyya, da guraben karatu ga 'ya'yansa, da aikin yi ga matasan garin. Kujerar shugaba ba ta cikin diyya. Albashin jami'ar tarayya daga baitulmalin ƙasa yake fitowa, da kuɗin mai kamun kifi na Bonny da na mai noman gero na Gumel. Da a ce an bi wannan ƙa'ida ta ɗan gari cikin 1960, da Dike bai shugabanci Ibadan ba. Da an bi ta a Zariya cikin 1962, da ba a ba Smith sashen tarihi ba, da kuma wa ya san lokacin da gafakan Sakkwato za su sami shiga jami'a? Duk jam'iyyar da ke kiran haɗin kan ƙasa a dandalin yaƙin neman zaɓe, ya kamata ministan ilminta da wakilanta a majalisa su tsaya a kan cewa majalisun gudanar da jami'o'in tarayya su tallata kujerar shugaba ga ƙasa duka, su kuma bayyana wa jama'a makin da kowane ɗan takara ya samu.

Sauran bashin kuwa na takardu ne da na yara. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare daga shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010, sai da Ƙungiyar Masana Tarihi, wadda Dike ya kafa, ta yi shekaru tana kuka kafin gwamnati ta komo da shi, cikin 2022 aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700 don koyar da shi. Yaran da suka wuce makaranta a tsakanin nan, su ne samarin yau da ke zagin juna a intanet a kan 1966 ba tare da sun karanta shafi ɗaya a kai ba. Ma'ajiyar Kaduna kuma, masu bincike sun daɗe suna kokawa da ƙarancin kuɗi da kayan aiki, takardu suna rududdugewa a hannun mai karatu, har sai da Ɗakin Karatu na Biritaniya ya ba da tallafi aka ɗauki hoton wasu daga cikinsu. Abin kunya ne jihohi 19 su zura ido jikokin Lugga su ne ke ceton wasiƙun sarakunan da Lugga ya ci da yaƙi. Gwamnonin Arewa suna taro a Kaduna a kai a kai, a cikin garin da ma'ajiyar take. Abin da za a kashe a gyara rufi, a sa wutar lantarki mai ɗorewa, a ɗauki ma'aikatan da suka iya Larabci da ajami da kwamfuta, bai kai kuɗin jerin motocin gwamna guda ba. In an yi haka, a sa wa ɗakin da masu bincike ke zama sunan Kenneth Dike, sa'an nan a tura matasan ma'aikatan nan su ci gaba da zagayen da ya fara cikin 1951, domin har yanzu akwai gidajen malamai a Sakkwato da Katsina da Yola da Maiduguri waɗanda ba a buɗe gafakansu an lissafa abin da ke ciki ba.